Wasiƙa daga Jamus: Shukar da Ke Son Duhu

'Yan'uwa masu karatu a gida, assalamu alaikum.

Ina gaishe ku daga Jamus, inda a Disamba rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu na yamma. A bakin tagata akwai wata 'yar shuka mai kaurin ganye, Kalanchoe. Asalinta Madagaska ne, kuma wani Bajamushe mai cinikin iri a Potsdam, Robert Blossfeld, shi ya fito da ita kasuwa a 1932.

Ta farko da na saya, da hannuna na kashe ta. Kullum da safe sai na tsiyaya mata ruwa, wai ni mai kulawa. Ba a jima ba gindin ya yi baƙi, ya yi laushi, ko taɓa ganye na yi sai ya faɗo. Saiwa ta ruɓe. Ashe ganyen nan mai kauri shi ne randarta. Ko ƙofofin numfashinta, wato 'yan ƙananan ramukan da ke jikin ganye, da dare take buɗewa, da rana ta rufe don kada ruwa ya tsere. Yanzu sai na cusa yatsa na ji ƙasa ta bushe ƙamas, sannan in shayar da ita ta ƙoshi, in zubar da abin da ya taru a faranti. Tukunya mai huda, ƙasa mai yashi da tsakuwa, shi ke nan.

Fure ne ya fi ba ni wahala. Shekara guda ta biyun tana ta ganye, ko toho babu. Laifin fitilar falo ne! Ba ta fure sai ta samu duhu na kimanin awa 14 kowane dare, har mako shida a jere. Nan hunturu na ba da wannan kyauta, ni kuwa ina ɓata shi da lantarki. Ku da darenku bai cika wuce awa 12 da ɗoriya ba, ku kifa mata kwali daga biyar na yamma zuwa bakwai na safe.

Sanyi ƙasa da digiri 10 na illata ta, amma wannan damuwata ce. Taku ita ce ranar tsaka mai ƙona ganye, don haka hasken safe ya ishe ta. Mai kyanwa ko kare ya ɗaga ta sama, tana da guba.

Tawa dai jiya na ga jan toho ya leƙo.

Naku,
ɗan'uwanku a Jamus