Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Watannin da Na Yi Ina Shan Maganin Tarin Fuka

A makon jiya na tsaya ne a inda sakamakon gwajin kaki ya fito, aka tabbatar cewa tarin da ya hana ni barci, da zazzaɓin yamma da gumin dare da suka ramar da ni, duk na tarin fuka ne. Washegari ni da maigidana muka koma sashen masu tari na babban asibitin garinmu, inda ake bayar da maganin kyauta kamar yadda ake yi a cibiyoyinsa a faɗin Najeriya.

Abu na farko da malamar jinya ta yi shi ne ɗora ni a kan sikeli. Nauyina ya sauka zuwa kilo 46, sai ta rubuta a katina cewa ƙwaya uku zan riƙa sha kowace safiya, ta kuma bayyana mini cewa nauyin mutum ne ke yanke yawan ƙwayoyin: mai kilo 38 zuwa 54 uku yake sha, mai kilo 55 zuwa 70 kuma huɗu. Kowace ƙwaya magani huɗu ne aka haɗa a cikinta, wato rifamfisin miligiram 150, isoniyazid 75, firazinamid 400, da itambutol 275. Haka ake sha na wata biyu, daga nan a koma wata ƙwayar mai ɗauke da rifamfisin da isoniyazid kaɗai na wata huɗu, jimilla wata shida. An haɗa su huɗu ne saboda ƙwayar cutar tana saurin sabawa da magani idan shi kaɗai aka ba ta, kuma idan ta saba da rifamfisin da isoniyazid, jinyar da ke biyo baya ta fi tsawo, ta fi wahala, magungunanta kuma sun fi jigatar da jiki.

Ta ce in sha da ruwa tun kafin in karya, domin abinci yana rage yadda jiki ke zuƙar rifamfisin. Saboda haka na ɗaure shan maganin da sallar asuba, maigidana kuma, wanda aka rubuta a matsayin mai kula da shan maganina, shi ke ɓallo ƙwayoyin daga takardarsu ya miƙo mini, ya tsaya har sai na haɗiye, sannan ya yi alama a katin.

A ranar farko fitsarina ya koma ja mai haɗe da ruwan goro, kamar an jiƙa lalle a ruwa. Da ba a gaya mini tun da wuri ba, da na ɗauka jini ne. Rifamfisin ne ke rina fitsari da gumi da hawaye, ba ya kuma nuna wata illa, har ma ma'aikatan kan gane mai shan magani da gaske ta wannan launin. Surukata ce ta fi kowa tsorata da ta ga tabon gumi a farin mayafina.

“'Yar nan, anya maganin nan ba ƙona miki jini yake yi ba? Ki bari a kawo miki jiƙo ki haɗa da shi.”

“Hajiya, ki yi haƙuri, sun ce kada in haɗa shi da komai sai da saninsu, saboda hanta.”

Ba rashin kunya ya sa na ƙi ba, kuma ta fahimce ni daga baya. Uku daga cikin magungunan huɗun, wato isoniyazid da rifamfisin da firazinamid, suna iya taɓa hanta, shi ya sa malamar jinyar ta nanata mini alamun da ba a jira da su: ido ya yi rawaya irin na shawara, ko amai da ya ƙi tsayawa, ko ciwo a gefen dama na ciki, ko ƙuraje su feso a jiki, ko gani ya dusashe har mutum ya kasa bambance ja da kore, wanda wannan na ƙarshen aikin itambutol ne. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, ya tsayar da maganin ya zo asibiti a ranar. A ganina wannan rarrabewar tsakanin abin da ake jurewa da abin da ake garzayawa dominsa ita ce mafi amfani a duk abin da aka faɗa mini, kuma ina takaicin yadda wasu marasa lafiya ke karɓar ƙwayoyinsu su tafi gida ba tare da an zaunar da su an yi musu wannan bayanin ba.

Ni abin da ya same ni na jurewa ne, amma ba mai sauƙi ba. Tashin zuciya ya dame ni da farko, daga baya gwiwoyina da idon sawuna suka riƙa ciwo har sujada ta yi mini nauyi, aka ce firazinamid ne ke tara wani sinadari a jini mai sa ciwon gaɓoɓi, aka rubuta mini maganin rage zafi. Tafin ƙafafuna kuma suka soma zafi da tsikari cikin dare, wanda illar isoniyazid ce ga jijiyoyi, kuma masu shayarwa irina suna cikin waɗanda ta fi kamawa. Bitamin B6 da aka ƙara mini ne ya kwantar da shi sannu a hankali. Ba a hana ni shayar da 'yata ba; an duba ta, aka sa ta a kan maganin kariya saboda ƙanƙantarta.

Akwai kuma maganar da mata da yawa ke jin nauyin tambaya. Sista ta ja ni gefe ta tambaye ni ko ina shan ƙwayar tazarar haihuwa, na ce eh, sai ta ce rifamfisin yana sa hanta ta narkar da ita da sauri, har mace ta iya ɗaukar ciki tana tsakiyar jinya. Aka tura ni sashen tsarin iyali aka sauya mini hanya.

Da wata biyu suka cika, tari ya tafi, cin abinci ya dawo, gwajin kaki kuma bai nuna ƙwayar cutar ba. A nan ne 'yan dubiya suka fara cewa ai na warke, me ya rage kuma da zan ci gaba da ɗura wa cikina ƙwayoyi. Wata mata da muke haɗuwa a layin karɓar magani ta daina zuwa a daidai wannan lokacin, har ma'aikatan suka bi ta gida. Gaskiyar ita ce wata huɗun da suka rage su ne ke kashe ƙwayoyin cutar da suka lafe a huhu ba sa motsi, kuma barin su shi ke dawo da ciwon. Na ci gaba da sha, da nauyina ya kai kilo 55 aka mayar da ni ƙwaya huɗu, aka sake gwajin kaki a wata na biyar da na shida, duka suka fito lafiya, aka rufe katina.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarin komawata makarantar da nake koyarwa, da yadda na tarar an ware mini kofina a ofishin malamai.