Talata: ashar a cikin kod

Yau ne za mu miƙa wa wani mai kantin magani a Sabon Gari manhajar lissafin kaya, har da kod ɗinta, wato rubutattun umarnin da aka gina ta da su, domin ƙaninsa zai ci gaba da kula da ita. Ina dubawar ƙarshe a ofis, nan Zoo Road, sai ga wani layin bayani da yaron da ke koyon aiki wurinmu ya bari, ranar da lissafin rangwame ya hana shi barci. Ashar ce gundumemiya, da Hausa tsantsa.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Oga, bari in goge. Ai har kod ɗin Linux akwai irinta." Wannan gaskiya ne, a 2018 ma an yi ta cece-kuce a kan sauya su. Na ce masa amma Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ba Alhaji mai kantin zai miƙa wa aiki ba.

Gogewar ma ba ta isa. Duk abin da ya shiga kwamit, wato aka adana shi a Git, manhajar da ke riƙe tarihin canje-canjen kod, ya zauna a tarihin, wanda ya buga umarnin git log -p zai karanta ta ko bayan shekara goma. Dole muka sake rubuta tarihin, kowa ya sake daidaita kwafinsa. Shi ya cinye mana safiya har azahar.

Bayan sallah na rubuta ɗan fayil mai suna pre-commit, wanda Git ke kunnawa kafin ya karɓi kowane kwamit. Yana duba git diff --cached, wato abin da ake shirin shigarwa kawai, ya sa grep, umarnin binciken rubutu, ya nemo kalmomin da muka hana. Idan ya samu, sai ya fita da lamba 1, alamar akwai matsala, Git ya ƙi karɓa. Na haɗa da kalmomin sirri da console.log, layin nuna saƙo da ake mantawa bayan gwaji. Jerin zagin da muka samu a intanet Turanci kaɗai ya sani, don haka muka zauna haɗa namu ana ta dariya. Ɗan Fagge da ke cikinmu ya kawo waɗanda ban taɓa ji ba.

Git ba ya tura abin da ke .git/hooks, inda irin wannan fayil ke zama, zuwa ga sauran abokan aiki, sai muka ajiye fayil ɗin cikin aikin, kowa ya nuna wa Git hanya da saitin core.hooksPath.

Kafin magariba yaron nan ya gano --no-verify da kansa, mai tsallake binciken gaba ɗaya. Gobe in Allah Ya kai mu zan sa binciken a uwar garke ma, wato babbar kwamfutar da kowa ke tura wa kod ɗinsa.