Kashin kyanwa da ya kwana shi ne matsalar

Da an ce mace ta samu ciki, sai ka ji ana cewa a kori kyanwar gidan. Abin bai kai nan ba. Ƙwayar cutar da ake gudu, toksoplasma, a kashin kyanwa take fitowa, kuma ko a kashin ma sai ya kwana.

Kyanwa kan ɗauke ta ne daga ɓera ko tsuntsu ko ɗanyen nama. Daga nan sai ta riƙa zubar da miliyoyin ƙwayaye a kashinta na mako 1 zuwa 3, galibi a kamun farko kawai. Ƙwayayen ba sa kama mutum nan take, sai sun yi kwana 1 zuwa 5 a waje. Mai kwashe kashin kullum da safe ya riga su. Idan aka bar shi a ƙasa mai danshi kuwa, suna iya haura shekara da ransu, kuma bilic ba ya yi musu komai. Tafasasshen ruwa ne maganin mazubin kashin.

Inda aka fi sakaci shi ne tulin yashin gini a ƙofar gida. Kyanwa ta tona, ta yi abinta, ta binne. Da la'asar yara su hau kai suna wasa, hannu na kai-komo zuwa baki. A rufe yashin da leda ko tsofaffin buhuna, a danne da bulo.

Mai ciki ta bar wa wani aikin kwashewar. In ba kowa, ta sa safar hannu, ta wanke hannu da sabulu. Kamuwa karon farko a lokacin goyon ciki na iya jawo ɓari, ko lahani a ido da ƙwaƙwalwar jariri. Ta kuma kula da tsire ko balangun da cikinsa ke da ja, da latas da kabejin lambu da ba a wanke sosai ba, domin ta nan ma cutar ke shiga.

Maganin tsutsar ciki da likitan dabbobi ke ba kyanwa, kamar duk wata 3, yana da amfani sosai, amma tsutsa yake kashewa, ba ya taɓa toksoplasma. Kuma don Allah kada a ba ta farasitamol in ta yi laushi, kashe kyanwa yake yi.