Dokin da ya hana ni barci

Jiya da daddare wuta ta ɗauke, na kwanta a tsakar gida ina latsa waya, sai na ci karo da tsohon bidiyon sukuwar Belmont ta 9 ga Yuni, 1973 a Amurka. Wallahi sau shida na maimaita shi har caji ya ƙare.

Jan doki ne, sunansa Secretariat, ƙafafunsa uku fari kamar ya sa safa. Da suka sha kwanar ƙarshe sai da mai ɗaukar hoton ya ja baya kafin a hango sauran. Tazarar tsawon doki 31 ya ba su! Mil ɗaya da rabi cikin minti 2 da daƙiƙa 24, kuma har yau ba a karya wannan ba.

Yadda aka same shi ma abin mamaki ne. Kwabo aka jefa tsakanin Penny Chenery, wata mai kiwon dawaki, da masu ingarman Bold Ruler, wato ubansa, kan wanda zai fara zaɓen dukushi. Ta faɗi. Cikin abin da aka bar mata har da ɗan da goɗiyarta Somethingroyal ba ta ma haifa ba. Shi ne wannan.

Wajen haihuwa kuwa bai samu namiji kamarsa ba, jininsa ta wajen 'ya'yansa mata ya bi. Su suka haifi fitattun dawakai irin su Storm Cat da A.P. Indy.

Ciwon kofato ya sa aka kashe shi a 1989. Da likita ya buɗe shi, ya ƙiyasta zuciyarsa ta kai kusan kilo 10.