Kafin Ka Sayar Da Gado Don Fasfo Na Biyu

Ɗan ƙanwata ya same ni a shagona da ke Agege bayan sallar La'asar, ya yi mini gaisuwar da ta fi ta kullum tsawo, har na gane akwai magana a bakinsa. Da ya gama kewaye-kewaye sai ya ce, "Kawu, ina so in sayar da filin da Baba ya bar mini a Ikorodu. Mai ɗakina tana da juna biyu, so nake ta je Amurka ta haihu, yaron ya tashi da fasfo biyu kamar 'ya'yanka." Ya zo ne da zaton zan sa masa albarka, tunda ni ne mutumin da dangi suke nunawa idan ana zancen wanda ya fita waje ya dawo da takarda. Abin da ya samu a wurina faɗa ne, kuma faɗan ya yi zafin da bai bar mini damar yi masa bayani ba. Bayanin ne nake so in yi a nan, domin na san ba shi kaɗai ba ne a Legas mai wannan lissafi.

A ƙarshen shekarun 1990 sunana ya fito a cacar bizar Amurka, wadda 'yan Najeriya suka daɗe suna cin moriyarta kafin a cire ƙasarmu daga zagayen 2015 saboda yawan waɗanda suka riga suka shiga. Ba ni da kuɗin jirgi, balle na gwajin lafiya da na zaman farko, don haka na sayar da filin da na gada daga mahaifiyata a nan Agege, ba nisa da layin dogo. Mahaifina bai hana ni ba, amma bai sa hannu a matsayin shaida ba, ya ce in nemi wani. Yau bene ne a wurin, ƙasansa shaguna, kuma idan hanya ta biyo da ni ta nan nakan sami abin da zan duba a wayata har in wuce. A wancan lokaci na ce wa kaina ƙasa ba ta ƙarewa, zan dawo in sayi uku irinsa. Na dawo ɗin, amma farashin ƙasa a Legas bai tsaya jirana ba.

Na zauna a unguwar Bronx ta birnin New York tare da wasu Hausawan Ghana, ina tuƙa tasi dare da rana. Dokar Amurka ita ce mai katin zama sai ya cika shekara 5 kafin ya nemi zama ɗan ƙasa, kuma aƙalla wata 30 daga ciki sai ya yi su da ƙafarsa a cikin ƙasar. Wanda ya fita ya wuce wata 6 za a tuhume shi da katse zama, wanda ya kai shekara kuwa galibi ƙirgarsa ta rushe. Ina cikin wannan ƙirga mahaifina ya kwanta ciwo. Nakan sayi katin waya in kira gidan maƙwabcinmu, a ɗauko shi a zaunar, kuma bai taɓa ce mini in dawo ba, sai dai ya ce, "In ka gama abin da kake yi, ka zo." Ya rasu ban gama ba. Shekara da shekaru ina gaya wa mutane cewa doka ce ta hana ni zuwa, har na kusa yarda da hakan ni kaina, alhali kuwa zuwan wata guda ba zai taɓa mini komai ba. Abin da ya hana ni shi ne tsoron kada a ba wani motar da nake haya, da ƙyashin kuɗin tikiti, da wata jita-jita da na ji a masallaci cewa ana tsare masu irin sunanmu a filin jirgi. Sai dai kuma, wanda bai taɓa zama baƙo da takarda ɗaya tak a hannunsa ba, bai san yadda tsoro yake mayar da jita-jita doka ba. Kuɗin maganin da aka yi masa ma daga tuƙin nan ya fito, wannan kuwa ba wanda yake tunawa da shi a cikin masu zargina.

Ranar rantsuwa an tara mu a wani babban zaure, an miƙa wa kowa 'yar ƙaramar tuta ta roba da sandarta kamar tsinken tsire, muka ɗaga hannun dama muna maimaita abin da ake karanta mana. A cikin abin da na maimaita akwai cewa na yi watsi da biyayya ga duk wata ƙasa da nake ɗanta a da, kuma zan ɗauki makami domin Amurka idan doka ta buƙata. Najeriya ba ta kore ni saboda wannan ba, domin sashe na 28 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bar wa ɗan ƙasa na haihuwa damar riƙe wata ƙasar, wanda ya samu zama ɗan Najeriya ta hanyar rajista ko daɗewar zama shi ne aka ɗaure wa hannu. Ta fuskar doka ban rasa komai ba. Amma ni Musulmi ne, na ɗaga hannu na faɗi maganar da zuciyata ba ta nufa ba, kuma har yau ban sami malamin da ya ba ni amsar da ta kwantar mini da hankali ba.

Kada wani ya ɗauka zan ce fasfon ba shi da amfani, domin da na faɗi haka da na yi ƙarya. Na ga dattawa masu mutunci sun yi sammako a titin Walter Carrington da ke Victoria Island, inda ofishin bizar Amurka yake, riƙe da jakar takardu, su jira watanni kafin ranar ganawa ta zo, a sallame su cikin minti biyu ba tare da kuɗin da suka biya ya dawo ba. A 2020 gwamnatin Trump ta rufe wa 'yan Najeriya bizar ƙaura sai da Biden ya buɗe a 2021. Daga 2022 zuwa 2024 Dubai ta rufe mana ƙofa, abokan kasuwancina da dama suka zauna dirshan, ni kuwa ina shiga ina fita. A Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar ziyara ta Amurka ga 'yan Najeriya shiga ɗaya ta wata 3. Idan kaya suka kira ni Turai yau, gobe ina jirgi. 'Ya'yana da aka haifa a nan Legas sun gaji takardar ta wurina, biyu sun yi karatu a can. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ne abin da matasa suke gani a hotuna.

Abin da ba sa gani shi ne riƙe ƙasa biyu kamar auren mata biyu yake, kowace tana da rabon kwananta, kuma wadda ka yi nisa da ita ba ta yafe nata. Amurka tana bin ɗanta haraji a duk inda yake zaune a duniya. Na dawo Legas na buɗe kasuwanci, na yi shekaru ban cika musu takarda ko ɗaya ba, ina ganin tunda a nan nake nema a nan nake ci, ba ruwansu da ni. Sai bayan dokar FATCA ta 2010, wadda ta sa bankunan waje su riƙa ba Amurka rahoton asusun 'yan ƙasarta, ta fara aiki, bankin da nake hulɗa da shi ya miƙo mini fom yana tambaya ko ni ɗan Amurka ne, da lambar harajina ta can. A nan na san cewa duk wanda jimillar kuɗinsa a bankunan waje ta haura dala 10,000 ko da na yini ɗaya ne a shekara, wajibi ne ya ba da rahoto, kuma tarar rashin bayarwa tana iya fin harajin kansa. Ɗan kasuwar da ke sayo kaya daga waje, wannan adadi yana ratsa asusunsa kafin azahar. Akwai rangwame ga mai albashi, ana yafe masa harajin wani kaso na albashinsa, kason da ya haura dala 100,000 a shekara, amma mai aikin kansa sai ya biya kashi 15.3 cikin ɗari na ribarsa a asusun fanshonsu da na lafiya, kuma babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka da za ta sauƙaƙa masa. Tun 2015 kuma suna da ikon hana fasfo ga wanda bashin harajinsa ya yi nauyi. Abin da na biya akanta kafin ya warware mini wannan ƙulli ya isa kuɗin makarantar yaro. Wanda yake ganin talaka kaɗai ake yi wa haka, ya tuna da Boris Johnson, tsohon firaministan Ingila, wanda aka haifa a New York, suka bi shi harajin gidan da ya sayar a Landan, ya biya yana ƙorafi, daga baya ya ajiye musu takardarsu a 2016.

Kariyar da ake zato ma ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Akwai tsohuwar ƙa'ida tun yarjejeniyar Hague ta 1930, cewa ƙasa ba ta tsaya wa ɗanta a gaban wata ƙasar da shi ma ɗanta ne. Wata rigimar fili ta taɓa kai ni gaban hukuma a nan Legas, na zaro shuɗin fasfon na ɗora a tebur ina jin kaina. Jami'in ya juya shi, ya tura mini abina da ɗan yatsa, ya ce a nan ni ɗan Najeriya ne kamar kowa. Abin da fasfon ya ƙara mini a ranar shi ne tsadar sulhu. Haka yake a cikin dangi: wanda aka san yana da takardar waje ba a yarda ya ce babu, kuma a wannan zamani na masu garkuwa da mutane, idan zan bi hanyar Arewa ba na son ko direba ya san da ita.

Na 'ya'ya ya fi ci mini rai. Babban ɗana da ya cika 18 sai da ya yi rajistar da doka ta wajabta wa kowane namiji ɗan ƙasar, ta waɗanda za a iya kira aikin soja idan buƙata ta taso. Ya gama karatu bai dawo ba, kuma da wane baki zan ce ya dawo? Jikokina suna gaishe ni ta waya da Hausar da ba ta wuce "ina kwana" ba. Mu Hausawan Legas dama can a tsakiya muke, a nan a ce mana 'yan Arewa, mu je Kano a ce mana 'yan Ikko, takardar shaidar ƙaramar hukuma ma sai mun yi tafiya mun nemo ta a garin da kakanninmu suka baro. A kan wannan na je na ƙaro wa zuriyata wani rabuwar.

Na zauna da niyyar jero shawarwari masu yawa, amma da na auna su sai na ga kaɗan ne suka tsaya da ƙafarsu. Kada ku sayar da ƙasa don takarda. Takarda dokar wasu ce, suna canza ta ranar da suka ga dama: Ingila ta daina ba da zama ɗan ƙasa don haihuwa kawai tun 1983, Ireland, inda matanmu suka yi ta tururuwa, ta rufe bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 2004, a Amurka kuma tun Janairun 2020 jami'in biza yana da ikon hana mace idan ya fahimci haihuwa ce ta kai ta, sannan a Janairun 2025 Trump ya sa hannu a umarnin soke haƙƙin zama ɗan ƙasa ta haihuwa ga 'ya'yan baƙi masu ziyara, magana ta tafi kotu. Masu kuɗin da suke sayen fasfon tsibiran Karibiyan, wanda mafi arharsa yanzu dala 200,000 ne, su tambayi waɗanda suka sayi na Dominika me ya faru a Yulin 2023, lokacin da Ingila ta wayi gari ta ce sai da biza.

Wanda yake ganin jaririn zai ja shi zuwa can, ya sani sai yaron ya kai 21 kafin ya iya nema wa iyayensa zama. Jami'o'in gwamnati a can suna rage kuɗi ne ga mazaunin jiha, ba ga mai fasfo kawai ba. Idan kuma yaron ya tashi a Legas bai yi zaman shekara 5 a Amurka ba, ba zai iya gadar wa nasa 'ya'yan da aka haifa a waje ba, amma harajin yana wuyansa, kuma uba ba ya da ikon ajiye masa takardar. Wannan duk a rubuce yake, kyauta, a wayar da ke hannunku, amma yaran yanzu sun fi yarda da wani mai surutu a TikTok da ya tsaya gaban motar haya yana cewa a yi japa, wato a gudu waje. Mutum ya iya zama awa uku yana kallon rawa, ya kasa karanta shafi biyu a kan abin da zai sayar da gadon ubansa dominsa. Mu aƙalla jahilcinmu yana da uzuri, ba mu da inda za mu duba.

Duk da haka, wanda dama ta zo masa ta halal, ta karatu ko aiki ko aure na gaskiya, ba tare da ya sayar da komai ba, ya karɓa, kada ya ce wani tsoho a Agege ya hana shi. Na san wannan ya yi karo da rabin abin da na faɗa, amma ƙasar nan ba ta ba ni hujjar da zan tsare ɗan kowa ba. Sai dai ya riƙe fasfonsa na Najeriya da rai, ya shigo da shi ya fita da shi, ya nemi akanta tun shekarar farko, kuma idan aka ce masa mahaifinsa ya kwanta, ya sayi tikiti a ranar.

Za a tambaye ni me ya sa ban ajiye tawa ba tunda ta dame ni haka. Ajiyewar ma ba kyauta ba ce: a 2014 sun kai kuɗinta dala 2,350, sai mutum ya je ofishin jakadanci da kansa ya sake wata rantsuwar, kuma idan takardun harajinsa na shekara 5 ba su cika ba, harajin fita yana iya hawa kansa. Na taɓa karɓo bayanin yadda ake yi, na karanta, na sa a aljihun tebur. 'Yata tana can da aure, kuma ba zan iya jure in tsaya layi ina roƙon biza don in je sunan jikana ba, don haka da wa'adin fasfon ya ƙare na je na sabunta shi.