Ɗanƙwairo ya dawo da ƙugiyarsa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu tara waƙa. Jiya wajen ƙarfe ɗaya na dare na kunna 'yar MP3 ɗina, na shiga jerin mawaƙa, sai ga Musa Ɗanƙwairo a rubuce daidai, Ɗ da ƙugiyarta, ƙ da tata. Wallahi na fi minti biyar ina kallon fuskar na'urar ban ma danna waƙar ba. Wata uku ke nan ina fama da wannan abu, shi ya sa ban iya jira gari ya waye sosai ba na ce sai na gaya muku.

Yanzu fayil 11,400 gare ni. Kusan kashi ɗaya cikin uku daga kaset-kaset ɗin Baba ne, Allah ya jiƙansa, waɗanda na ɗauka da manhajar sauti ta Audacity na yanka su waƙa-waƙa. Sauran kuwa tsintuwa ce daga masu tura waƙa a kasuwa da abin da ake jefowa a WhatsApp, kun dai san yadda suke zuwa: Track 01, Track 01 (2), wani ma lambar wayar mai shago ce a wurin sunan mawaƙi. Tun bayan ƙaramar salla na zauna da Mp3tag, manhajar gyara tag, wato sunan mawaƙi da na waƙa da ke ajiye cikin fayil ɗin, ina gyara sunaye ɗaya bayan ɗaya, kuma na ɗaura niyyar ba zan rubuta "kasa" inda ake nufin "ƙasa" ba. A waya komai ya fito tsaf. Ina zuba su a MP3 ɗin sai abu ya dagule.

Wani zai ce to ka tsaya a wayar mana. Wanda yake doguwar tafiya a mota, ko yake unguwar da ake kwana biyu ba wuta, ya san amfanin na'urar da ba ta cin cajin waya kuma kira ba ya katse maka waƙa a tsakiyar amshi.

Abin da ya ci mini lokaci shi ne na ɗauka cuta ɗaya ce, ashe uku ne, kowace da maganinta. Sai in yi wa wannan magani waccan ta fito, in ɗauka maganin ne bai yi ba, in warware abin da na gyara.

Ta farko ni na jawo ta da hannuna. Na ji ana cewa tsofaffin na'urori sun fi jituwa da wani tsarin rubuta tag mai suna ID3v2.3 ISO-8859-1, sai na zaɓe shi, na haɗa fayil sama da dubu biyu na adana lokaci guda. Da na sake buɗewa sai ga "?an?wairo". Shi wannan tsari gurbi 256 kacal gare shi, an cika su da haruffan Yammacin Turai irin su é da ñ da ü, babu ɗ, babu ƙ, babu ɓ. Duk harafin da bai sani ba sai a dasa alamar tambaya a madadinsa, kuma ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Daren nan ban ci tuwo ba. Abin da ya cece ni shi ne sunayen fayilolin ba su taɓu ba, don haka na sa Mp3tag ya ɗebo daga sunan fayil ya mayar cikin tag da tsarin %artist% - %title%. Kusan ɗari uku da ban gyara sunan fayil ɗinsu ba kuwa sai da na sake bugawa da hannu.

Ta biyu ita ta fi wahalar da ni, don a kwamfuta ba a ganinta. A MP3 ɗin sai in ga "ÆŠan Maraya", ko a wurin ƙ in ga Æ™, a wurin ɗ in ga É da dogon layi. Na yi ta zargin na'urar, ashe laifin yana cikin fayil. Yawancin waƙoƙin kasuwa suna ɗauke da tag biyu: sabo a farkon fayil, da tsohon ID3v1 a can wutsiya, bayit 128 ne duka-duka, 30 daga ciki na sunan waƙa. Wata manhaja da na taɓa amfani da ita ta zuba rubutun UTF-8, wato wani tsarin ajiye haruffa na daban, cikin wannan tsohon gurbi. A UTF-8 kowane harafi mai ƙugiya bayit biyu yake ci, ita kuma na'urar tana karanta kowane bayit a matsayin harafi guda, shi ya sa Ɗ ɗaya take haihuwar shirme biyu. Da na gane haka sai na fara ƙirgawa: duk inda ƙugiya take, baƙin haruffa biyu ne, ba ɗaya ba, ba uku ba. A nan hankalina ya kwanta. Na je wurin saitin tag, a ɓangaren cirewa na bar alama kan ID3v1 da APE (shi ma wani irin tag ne) kaɗai, na share su daga duk fayilolin, sannan na bar rubutawa a kan ID3v2.3 UTF-16. Don Allah ku duba da kyau kafin ku danna, in kun bar alama kan ID3v2 duk aikinku zai bi ruwa. Ban zaɓi 2.4 ba saboda ba kowace tsohuwar na'ura ko rediyon mota ke karanta shi ba. Kwafin FLAC, wani irin fayil ɗin sauti daban da MP3, da nake ajiyewa na kaset ɗin Baba kuwa bai taɓa ba ni wannan ciwon kai ba, tag ɗinsa UTF-8 ne tun asali.

Na zuba su ina murna, sai ga ta uku: 'yan akwatuna fayau a wurin haruffan. Mako biyu ina juya tag, alhali tag ɗin lafiyarsa ƙalau. Na'urar ta karanta harafin daidai, zanensa ne babu a font ɗinta. Tunda tawa tana cikin waɗanda Rockbox ke hawa, wato manhajar da ake sa wa irin waɗannan na'urori a madadin tasu ta asali, na sa mata shi, na sauko da kunshin font ɗinsu, na zaɓi GNU Unifont mai girman 16. Shi ne abin da ya faru jiya. Fuskar na'urar ƙarama ce, layi huɗu kawai take nunawa da wannan font, dogon suna sai ya yi ta tafiya kafin ka karance shi. Na yarda da hakan.

A tsakiyar wannan ne memori ya ƙone ni. Rockbox kati mai tsarin fomatin FAT32 yake so, katin da ya wuce 32GB kuma da exFAT yake zuwa, don haka sai an sake masa fomatin, wannan ba wuya, manhajar Rufus ta yi mini. Matsalar ita ce katin 128GB da na saya naira dubu goma sha ɗaya. Ya karɓi waƙoƙi duka ba gardama, amma foldojin ƙarshe in ka buɗe wasu babu komai, wasu fayil ɗin yana nan ba ya kunnuwa. Da na gwada shi da H2testw, manhajar auna ainihin girman kati, sai ya nuna abin da ke da rai a ciki bai kai 30GB ba. Na koma wurin mai shagon ya ce an riga an yage leda. Har yanzu kuɗin nan suna yi mini ciwo. Na biyun sai da na gwada shi dare guda cur kafin na sa masa ko waƙa ɗaya.

Abin da bai gyaru ba shi ne jeri. A na'urar Ɗ tana faɗawa ƙasan Z, don lambarta a Unicode ta fi ta duk haruffan boko na yau da kullum, su kuma masu farawa da 'Y suna haurawa saman A saboda 'yar waƙafin. Abokina na Maraɗi da yake rubuta ƴ a madadin 'y, nasa can ƙasa suke taruwa. Dabarar da na yi ita ce sunan folda ba ƙugiya, tag da ƙugiya, in ina neman mawaƙi in bi ta folda. Wannan ya kuma rage mini matsalar jerin waƙoƙi, kodayake duk na mai da su m3u8, wato fayil ɗin jerin waƙoƙi mai rubutun UTF-8. Shata ma da yake warwatse ƙarƙashin suna bakwai, wani da Dakta, wani da Alhaji, wani da Katsina, na tattara shi wuri guda.

Saura fayil kusan 600 masu suna irin AUD da lambobi waɗanda sai na saurare su kafin in san na waye, ina yin ashirin kullum bayan isha'i. In akwai wanda ya samu font da bai kai 16 ba kuma yana da Ɗ da Ƙ da Ɓ manya da ƙanana, don Allah ya taimaka mini da sunansa. Na gwada guda biyar, uku ba su da ko ɗaya, biyu kuma suna da ƙananan amma babu manyan.