Yadda Na Bi Diddigin Mutuwar Kwamfutar Gidanmu da Yankewar Intanet

Kwamfutar da muke aiki da ita a gida irin ta kan tebur ce mai Windows 10, kuma ta yi shekaru lafiya lau kafin ta ɓullo da matsaloli uku a lokaci guda. Takan mutu farat ɗaya ana tsakiyar aiki. Idan kuma aka umarce ta da ta kashe kanta da dare, sai allo ya yi baƙi amma fanka ta ci gaba da juyawa, ƙaramar fitilar gaba tana ci. Da safe kuwa sau da yawa takan tashi ba ta ganin Wi-Fi ɗin gidan, alhali wayoyin mutanen gida suna kai. Mai gyaran da na fara yi wa bayani bai bari na kai aya ba ya ce, "Malam, kawo ta kawai a yi mata formatin." Ban kai ba, domin formatin yana share duk abin da na'urar ta rubuta game da ciwonta, kuma idan cutar ta zafi ce ko ta wuta, mutum zai biya kuɗi, ya rasa manhajojinsa, ya dawo gida ta sake mutuwa a gabansa.

Windows tana da rajistar da take rubuta abin da ya same ta, a wani wuri mai suna Event Viewer, ƙarƙashin Windows Logs sannan System, kuma kowane lamari da lambarsa. Lamba 1074 tana nufin mutum ne ko wata manhaja ta nemi a kashe kwamfutar ko a sake tayar da ita, har sunan manhajar takan bayar. Lamba 6008 tana cewa mutuwar da ta gabata ba a shirya mata ba. Lamba 41, mai tambarin Kernel-Power, ita ce ta cika rajistar tawa, kuma mutane da dama suna ɗaukar ta a matsayin dalilin mutuwar, alhali shaida ce kawai cewa na'urar ta tashi ba tare da an kashe ta bisa ƙa'ida ba. Amfaninta yana cikin bayanan da ke ƙarƙashinta: akwai wani gurbi mai suna BugcheckCode, wanda idan yana ɗauke da lamba to Windows ce ta ci karo da kuskure ta faɗi, idan kuwa sifili ne to galibi wuta ce ta yanke mata, ko ta daskare har aka danne maɓallin kashewa. Nawa duk sifili ne. Da na jera lokutan a takarda sai suka rabu gida biyu: mafi yawansu tsakanin azahar da la'asar, sauran kuma daidai lokacin da ake ɗauke wuta ko ake juyawa zuwa janareta.

Na fara da na tsakar rana. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, kuma ɗakin da kwamfutar take rufin kwano ne. Na sa wata ƙaramar manhaja mai suna HWMonitor wadda ke nuna zafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ayyukan kwamfuta, sai na ga ko ba a aikin komai yana sama da digiri 70, da zarar an buɗe bidiyo kuwa sai ya wuce 90. Furosesoshin zamani an yi su ne su kare kansu: idan suka kusanci iyakarsu, wadda a yawancinsu tana wajen digiri 100, sukan rage gudu da farko, in hakan bai wadatar ba su yanke wuta gaba ɗaya. Wannan ya kuma bayyana mini nauyin da kwamfutar ke yi 'yan mintoci kafin ta mutu, wanda yaran gida suka daɗe suna ɗora wa bairos.

Na cire wayar wuta daga soket, na danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar da ke ciki ta fita, sannan na kwance murfin gefe. Ƙurar hunturu ta shekaru ta daskare tsakanin haƙoran ƙarfen da ke zaune a kan furosesa, ja-ja-ja da ita, haɗe da zaren labule da gashi, har ta zama kamar bargo a ƙarƙashin fanka, ta yadda fankar ke juyawa da ƙarfi amma iska ba ta ratsawa. Na fita da akwatin tsakar gida na bi shi da busasshen buroshin fenti da bulowa, ina riƙe da fikafikan fanka da yatsa, domin iska mai ƙarfi tana iya juya ta fiye da ƙima ta lalata ta. Da na ɗaga ƙarfen sai na tarar maikon da ake shafawa tsakaninsa da furosesa don ɗauke zafi ya bushe ya tsattsage, yana ɓarewa da farce. Na goge shi da sinadarin barasa na goge na'urori, na ɗiga sabo ɗan kaɗan a tsakiya, na mayar na ɗaure. Na kuma ɗauke akwatin daga ƙasa, na fitar da shi daga lungun tebur inda bayansa ke manne da bango. Zafi ya sauko zuwa wajen digiri 45 in ba a aiki, mutuwar tsakar rana ta tsaya.

Kashi na biyu ya fi wuyar sha'ani, don muna da UPS, kuma aikinsa ke nan ya riƙe kwamfuta idan aka ɗauke wuta. Gwajinsa mai sauƙi ne: na adana aikina, na zare wayarsa daga bango kwamfuta na kunne, sai duka biyun suka mutu nan take. Batirin da ke cikin irin waɗannan ƙananan UPS yawanci mai bolt 12 ne, shekara biyu zuwa uku yake yi, zafi kuma yana rage masa kwana, amma fitilarsa takan ci gaba da nuna kore ko da batirin ya gama yayi. Na sauya batirin, na sa sitabilaiza a gaba, saboda wutar da ya kamata ta zo bolt 230 sau da yawa ƙasa da haka take isowa unguwarmu da dare. Akwatin wutar da ke cikin kwamfutar ma na sa an gwada shi da mita. Layinsa na bolt 12 ya kamata ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, kuma nawa yana ciki. Shi wannan akwati ban buɗe shi ba, ba na kuma ba kowa shawarar buɗewa, domin akwai sassa a cikinsa da ke riƙe wuta mai haɗari ko bayan an cire shi daga soket. Ram kuwa, wato ma'ajin wucin-gadi da kwamfuta ke aiki da shi, na bar Windows Memory Diagnostic ta bi ta kansa, ba ta sami komai ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙin mutuwa da dare da rashin ganin Wi-Fi da safe, waɗanda a ƙarshe suka zama ciwo ɗaya. A Task Manager, ƙarƙashin Performance, akwai wurin da ke nuna tsawon lokacin da kwamfuta ta yi a kunne, kuma tawa tana nuna kwanaki da yawa duk da cewa kullum muna kashe ta. Dalili shi ne wani tsari mai suna Fast Startup da ya zo tun Windows 8 a 2012: idan aka danna Shut down, ba a rufe komai da komai, ana adana zuciyar Windows da direbobin na'urori, wato ƙananan manhajojin da ke tafiyar da sassan kwamfuta, a faifai don gobe a tashi da sauri. Tsarin ba shi da aibi a kansa, amma idan akwai direban da ya tsufa ko ya rikice, to a rikicensa za a adana shi, a rikicensa kuma za a tashe shi. Restart kuwa daga tushe yake farawa, shi ya sa duk safiyar da muka yi Restart sai Wi-Fi ya dawo. Na gwada danne Shift yayin danna Shut down, wanda ke tilasta cikakkiyar kashewa, sai fanka ta tsaya cak, washegari kuma Wi-Fi ya kama da kansa. Daga nan na kashe Fast Startup a Power Options, na sauko da sabon direban katin Wi-Fi daga shafin kamfanin da ya ƙera shi ta hanyar jona wayata da kebul, sannan a Device Manager na cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe katin don tsimin wuta, abin da ba shi da wata fa'ida ga na'urar da ba ta aiki da batir.

Saura yankewar intanet da ke damun kowa a gidan, ba kwamfuta kaɗai ba. Rautarmu, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gidan, irin mai ɗaukar sim ce ta 4G. Abin da na koya a nan shi ne idan aka ce "babu sabis" ana iya nufin abu uku daban-daban, kuma umarnin ping, wanda ke gwada ko wani adireshi zai amsa, a Command Prompt, wurin rubuta wa Windows umarni, yana raba su cikin minti ɗaya. Da farko ipconfig zai nuna adireshin da kwamfuta ta samu. Idan ya fara da 169.254, rauta ba ta ba ta adireshi ba, ita ta ƙirƙiro wa kanta. Sai a yi ping zuwa adireshin rautar, wanda yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, kuma yana rubuce a takardar da ke ƙarƙashinta. In bai amsa ba, matsalar tana cikin gida. In ya amsa, sai a gwada 8.8.8.8, wani adireshi da ke kan intanet a wajen gida; rashin amsa a nan yana nufin tsakanin rauta ne da kamfanin layi, ko kuma data ta ƙare. In wannan ma ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa, to sashen da ke mayar da sunayen shafuka lambobi ne, wato DNS, ya tsaya, kuma ipconfig /flushdns ko sauya DNS zuwa 1.1.1.1 yakan warware shi.

A gidanmu mataki na farko da na biyu duka suna faɗuwa, kowanne da lokacinsa, kuma tushensu wurin da aka ajiye rautar ne. Irin wannan rauta magana biyu take yi: ɗaya da turken sabis da ke waje, ɗaya da na'urorin cikin gida, kuma wurin da ya dace da ɗaya ba lallai ya dace da ɗayan ba. Tamu tana falo bayan talabijin, bangon bulo ta kowane ɓangare. A shafin saitinta akwai ma'aunin ƙarfin siginar turke mai suna RSRP, wanda na fi yarda da shi a kan sandunan da ke fuskarta. Lambar tana zuwa da alamar ragi, -80 sabis ne mai kyau, -100 zuwa ƙasa kuwa rauni ne. A falo tana ƙasa da -105. Na yi ta yawo da ita ɗaki-ɗaki da doguwar wayar wuta, ina jira lambar ta zauna a kowane wuri, har na samu wajen -88 a tagar wani ɗaki da ke fuskantar titi. Amma daga can Wi-Fi ba ya kaiwa ɗakin kwamfuta. Maimakon in sayi na'urar maimaita sigina, wadda takan rage gudu tunda da baki ɗaya take ji take kuma faɗa, sai na ja kebul ɗin Ethernet, wanda yana iya kaiwa mita 100, zuwa wata tsohuwar rauta da na sa a tsakiyar gida. Wajibi ne a kashe DHCP, wato tsarin raba wa na'urori adireshi, a ta biyun a kuma ba ta adireshi dabam, in ba haka ba duka biyun za su riƙa rabon adireshi, na'urori su ruɗe.

Unguwarmu cike take da rautoci, yawancinsu kuma a zangon gigahaz 2.4 suke, inda tashoshi 1 da 6 da 11 ne kaɗai ba sa hawa kan juna. Da wata manhajar waya mai nuna cunkoson tashoshi na ga maƙwabta sun taru a 1 da 6, sai na koma 11. Zangon gigahaz 5 ya fi gudu kuma ba shi da cunkoso sosai, sai dai bango yana cinye shi da wuri, don haka na bar shi ga na'urorin da ke kusa da rauta. Na kuma saya wa rautar ƙaramin batir mai bolt 12, domin kowace ƙiftawar wuta tana sa ta ɓata minti ɗaya ko biyu kafin ta sake kama turke.

A jerin na'urorin da ke haɗe na tarar da wayoyin da ba na gidanmu ba, wanda ya bayyana saurin ƙarewar data. Kalmar sirrin ta bi bakin yara ta fita layi. Na sauya ta, na tabbatar tsaron yana kan WPA2, na kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba, na sauya kalmar shiga shafin saiti wadda har lokacin ta kamfani ce, sannan na buɗe wa baƙi layinsu dabam don kada a ce mun yi rowa.

Akwai abin da bai gyaru ba. Daga bayan magariba zuwa wajen goma na dare gudu yana raguwa ko da RSRP bai motsa ba, saboda mutanen da ke kan turke ɗaya sun yi yawa a lokacin, kuma babu saitin cikin gida da zai sauya haka; manyan saukarwa sai na bar su zuwa bayan asuba. Wani lokacin ma abin ya fi turke nisa, kamar ranar 14 ga Maris 2024 da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya raunana a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama har da Nijeriya da Ghana. Idan rauta ta amsa ping, 8.8.8.8 bai amsa ba, data na nan, maƙwabcin da ke kan layi ɗaya da ni shi ma ya ce nasa ya tsaya, ba na taɓa saitin komai sai sabis ya dawo.